Ranar da Aka Kulle Leƙau a Waje

Sunansa na yanka yana nan a katin aiki, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Leƙau kowa ke ce masa, kuma kakarsa ce ta laƙaba masa tun yana ɗan mitsitsi. An ba shi ƙwayar wake ya shuka a bayan ɗaki, kullum safiya sai ya tone ya ga ko ta tsiro, ya mayar ya rufe, har ƙwayar ta gaji ta ruɓe. Kaza ta kwanta a kan ƙwai, sai ya ɗaga ta ya duba. Ya girma, ya yi gemu, ya tara 'ya'ya, halin bai bar shi ba. Matarsa ta daɗe da kafa masa doka cewa muddin tukunya tana kan wuta ƙafarsa ba za ta taka kicin ba. Ba kwaɗayi ke kai shi ba. Shi dai ba ya iya jure a ce wani abu yana faruwa a ƙarƙashin murfi ba a kan idonsa ba.

To irin wannan mutum ne Allah ya kai ɗakin bincike, inda rabin aikin jira ne. Ya yi karatun fasahar gwaje-gwaje, ya sami aiki a hawa na biyu na wani tsohon gini, a ɗaki mai dogon tebur na farin tayil, da kwalabe jere har kusa da silin, da wata firiza mai gurnani a lungu. Su uku ne a ɗakin. Akwai Farfesa, shugabar ɗakin, mace mai ƙarancin magana wadda ke kallon mutum ta saman tabarau. Akwai Inna, dattijuwar da ke wanke gilasai da goge tebura tun kafin a ɗauki Leƙau aiki. Sai shi, wanda shi kaɗai yake yin surutun mutum uku.

Aikinsa jel ne. Wanda bai taɓa ganin jel ba, ya ƙaddara wani abu mai santsi da laushi, garau kamar ruwa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, kaurinsa bai fi na kwali ba. Ana zuba shi ruwa-ruwa a tsakanin gilasai biyu ya daskare. Sai a ɗiga samfurin furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, a 'yan ramukan da ke samansa, a kunna lantarki, furotin su yi ta gangarowa, ƙanana a gaba manya a baya, kowane ya tsaya a layinsa. Layukan nan su ake nema, amma ido ba ya ganinsu. Akwai 'yar alama da ake sa wa furotin, mai fitar da haske mai rauni ƙwarai. Don haka sai an jiƙa jel ɗin a cikin wani sinadari da ke ƙarfafa hasken, a busar da shi, a haɗa shi da fim irin na hoton ƙashi a asibiti, a rufe a akwatin ƙarfe, a sa a firiza ya yi kwanaki. In an wanke fim ɗin sai layukan su fito baƙi-baƙi.

Leƙau ya ga fitowar layukan nan sau ba adadi, amma har gobe in suka fito sai ya yi ihu. Mutanen hawan ƙasa sun saba. In suka ji tsalle daga sama har fitila tana rawa, sai su ce, “Fim ya yi kyau.”

Wuri ɗaya ne shi da aikin ba sa jituwa, wato na'urar busarwa. Ana shimfiɗa jel a kan takarda mai kauri, a ɗora a kan faranti mai zafi, a lulluɓe da wata roba, sai injin zuƙar iska ya manne robar ƙam yana tsotse ruwan. Ƙa'idar guda ce tak: kada a ɗaga robar kafin jel ya bushe sarai. In iska ta shiga yana da sauran danshi, nan take zai tsattsage kamar gilashin mota da aka jefa. Ka ga kuwa an haɗa Leƙau da murfi. Ya tsaga jel da yawa, shi kansa bai san iyakarsu ba. Farfesa takan kalle shi ta saman tabarau, ta ce, “Malam Leƙau, ka gaisa da shi?” Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce gefe kawai ya ɗan taɓa. Da yake akwai samfuri da yawa a lokacin, kuma hannunsa na da kyau wajen zuba jel, sai a sake wani a wuce wurin.

Maganar da ta nemi raba shi da teburinsa daga gida ta fara. Wata rana ya dawo, ya zauna cin abinci, matarsa ta matso ta shinshina shi.

“Baban yara, wa ke ba ka abinci mai tafarnuwa?”

“Tafarnuwa kuma? A ina?”

“Ni kake tambaya? Ka san ba na sa ta a girkina. In wata mai abinci ka samu a bakin ofis wadda ta fi ni hannu, faɗa mini in je in koyo.”

Ya rantse ya maya bai ci komai a waje ba. Amma shi ma ya daɗe yana jin ɗanɗanon a bakinsa duk ranar da ya jiƙa jel. Ga ciwon kai da ke biyo baya. Ga bayan hannayensa sun yi ja, suna ƙaiƙayi, fatar tana ɓarewa. Matar ba ta bar shi ya huta ba sai da ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya tambaye shi abin da yake taɓawa, ya faɗa. Likitan ya ajiye biro. Ya ce ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki yana ratsa fata kamar babu ita, yana ma ratsa siririyar safar hannu, kuma duk abin da ya narke a cikinsa da shi yake shiga jiki. Ɗanɗanon tafarnuwar nan shi ne shaidar ya shiga. Wasu jikinsu kan jure na wani lokaci, amma nasa ya ce ya gaji. Daga yau kada ya ƙara kusantar kwalbar.

Ofishin ma'aikata ba su yi wata-wata ba. Tunda ba zai iya taɓa kayan aikinsa ba, ƙarshen wata zai koma sito, can ƙasan ginin, ya riƙa miƙo wa mutane kwalabe da safar hannu ta 'yar taga. Albashinsa na nan, ba wanda ya kore shi. Amma Leƙau ya sauka ya dubi siton, ɗaki ba taga sai ta miƙo kaya, ba lantarkin da ke gangaro da komai, ba fim, ba ihu. Ya hau bene ya koma sama. A gaskiya ya tsorata, tsoron da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki.

Farfesa ce ta kira shi washegari. Ta ce akwai wata hanya da wasu ɗakunan bincike ke bi. Wani gishiri ne ɗan uwan asfirin, a ruwa zalla ake narkar da shi, kuma shi ma yana ƙarfafa hasken.

“Ba wai ruwan sha ba ne,” ta ce. “Shi ma in aka yi sakaci yana shiga fata. Safa mai kauri dole, tabarau dole. Amma na yi magana da likitanka, ya ce da wannan kam za ka iya aiki. Ni kuma ba zan sauya hanyar ɗaki a kan fatar baki ba. Ka kawo mini fim guda mai layuka tsaf, daga jel ɗin da ka yi da hannunka tun daga zubi har busarwa. In na gani, in shiga ofishin ma'aikata da shi in ce a bar mini mutumina.”

Leƙau ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. “Ranki ya daɗe, guda? Guda ɗaya tak? Ai ko goma kike so!”

“Guda nake so. Kuma samfurin mai alama saura kaɗan. Sabo ba zai iso ba sai bayan an kai ka sito.”

Ya fita yana murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya tarar da Inna a bakin famfo, ya karɓe burushin hannunta ya wanke mata kwalabe yana waƙa, har ta ce ya ajiye kafin ya fasa mata su.

Jel na farko ya tsage, kuma wannan karon ba laifinsa ba ne. Bai taɓa robar ba, Inna shaida ce, domin ita ta aike shi sayo sabulu da gangan. Farfesa ta daɗe tana duban tsagar, sannan ta ce laifin nata ne. A sabon ruwan jel yana bushewa garas-garas, ya kamata ta ce a ɗiga masa gilisarin, irin dai wanda mata ke haɗawa a man shafawa, don ya riƙe ɗan laushi.

Jel na biyu ya sha gilisarin. Leƙau ya shimfiɗa shi a kan takarda, ya bi da yatsa ya kore duk wani kumfan iska, ya rufe, ya kunna. Ya zagaya tebur. Ya sake zagayawa. Ya goge abin da Inna ta riga ta goge. Can zuciyarsa ta ce masa, gilisarin ɗin nan fa sabon abu ne, ya kamata mutum ya san yadda yake aiki. Gefe kawai. Ba ɗagawa ba, ɗan sassautawa. Ya sa farce a ƙarƙashin robar, iska ta ce fuuu, ya ji ƙarar da ya fi kowa sani a duniya.

Farfesa ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo. Ta ɗaga 'yar kwalbar samfurin a gaban taga. Ɗigo ne ya rage a gindinta, na jel ɗaya, ba ƙari.

Ranar ƙarshen ya zo da sassafe, ya yi wanka ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya ɗora farar rigar aiki a kai. Ya zuba jel ɗin da bai taɓa zuba mai kyansa ba. Ya ɗiga ɗigon nan a raminsa. Lantarki ya yi aikinsa. Ya sa safa mai kauri da tabarau, ya jiƙa jel a sabon ruwa, ya juye ragowar a kwalbar sharar da aka keɓe wa ruwan da ya taɓa alamar. Ya shimfiɗa, ya rufe roba, ya kunna inji, ya saita ƙararrawa. Sannan ya zaro makullin ɗakin daga aljihu ya nufi Inna.

“Inna, taimako za ki yi mini. Mu fita, ki kulle ƙofar nan, ki riƙe makullin. Kada ki buɗe sai ƙararrawa ta buga, kuma bayan ta buga ma ki ƙara jira farantin ya huce.”

“In ka ce in buɗe fa, ɗan nan?”

“Kada ki buɗe.”

“In ka yi kuka?”

“Ko birgima na yi, Inna, ki tsallake ni ki wuce.”

Inna ta kulle ƙofa, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta kifa bokiti a baranda ta zauna a kai. Farfesa tana aji tana koyarwa. Leƙau ya tsaya da hannu a baya yana murmushi, yana yaba wa kansa wannan dabara. Har mutanen da ke wucewa yake tarewa yana ba su labari.

Murmushin bai yi nisa ba. Ya manna kunne a ƙofa. Injin yana ta bugawa, tuf-tuf-tuf. Can sai sautin ya sauya, ya yi sama kaɗan. Kowane mai wannan aiki ya san haka injin ke yi in ruwa ya fara ƙarewa, kuma Leƙau ya fi kowa sani. Amma a ranar sanin ya gudu ya bar shi.

“Inna! Kin ji? Robar ta saki. Wallahi iska na shiga!”

“Ban ji komai ba.”

“Ai kunnenki ne, Inna, shekaru. Buɗe in danna gefen kawai, ba zan ɗaga ba.”

“Kunnen nawa dai ya ji abin da ka faɗa ɗazu.”

Ya durƙusa. Ya yi alkawarin ɗaukar mata bokiti har ta yi ritaya. Ya tuna mata ranar da ya raka ta asibitin ido. Ya ce ita ce uwarsa a ginin nan, kuma uwa ba ta kallon ɗanta yana shiga halaka. Inna ta ciro carbi ta hau ja. Da ya ga haka sai ya dafe aljihu ya zaro ido.

“Wayata! Na bar wayata a ciki, Inna. Yaran suna makaranta, in wani abu ya faru fa?”

Bai rufe baki ba wayar ta hau ruri a cikin aljihun rigarsa. Inna ta dube shi, ya dubi silin. Matarsa ce ke kira. Ya ɗauka ya fara kai mata ƙarar Inna, ita kuwa ta ce ya miƙa wa dattijuwar.

“Inna, ina wuni? Don Allah kada ki buɗe masa. Na san shi. Yanzu zai ce miki cikinsa na ciwo, maganin yana ciki.”

“Ya riga ya yi dabarar waya, 'yar nan.”

“To saura ciki. Ki riƙe makullin da kyau, Allah ya saka.”

Leƙau ya karɓi wayarsa yana gunaguni cewa an haɗa masa kai, gida da ofis. Sai idonsa ya kai kan ɗan gilashin da ke saman ƙofar. Ya ce leƙe ta gilashi ai bai karya doka ba. Ya ari bokiti na biyu ya kifa, ya hau, ya ɗage da yatsun ƙafa, babban mutum mai furfura a gemu da rigar ɗaurin aure. Abin da ya gani shi ne na'ura a kan tebur, da roba a manne lif kamar yadda ya bar ta. Bai ga komai ba ke nan, amma a can ya tsaya, hanci a jikin gilashi, yana ba Inna rahoto bi da bi: tana nan, ba ta motsa ba, har yanzu tana nan.

Da ƙararrawa ta buga saura ƙiris ya faɗo. Inna ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce shi da bakinsa ya ce a jira faranti ya huce, kuma ita ba ta gama jan carbinta ba. Sai da ta ga dama don kanta sannan ta kwance bakin zani.

Ya shiga a hankali, shi da ya yi ta haƙilon shiga. Ya sa safa. Ya shafa bayan robar, domin jel mai sauran danshi sanyinsa kan bambanta da na gefensa. Ko'ina ɗaya. Ya yi bisimilla, ya ɗaga gefe, iska ta shiga da ƙararta, ya runtse ido yana jiran ɗaya ƙarar. Shiru. Ya buɗe ido. Jel ɗin yana kwance a kan takardarsa, sumul, yana ɗan sheƙi, ko tsagar gashi babu daga wannan gefe zuwa wancan.

Ihun da ya yi har masu gadi suka hauro. Ya kashe inji, ya zagaya tebur da gudu, ya kama hannun Inna yana jijjigawa, tana cewa ya sake ta kafin ya ɓalle mata kafaɗa. Mutanen ƙasa suka ce fim ya yi kyau, aka ce musu a'a, ba a ma kai ga fim ba tukuna.

Gaskiya ne kuwa, da sauran aiki. Jel mai kyau ba shi ne alkawarin ba. Ba wanda ya san ko sabon ruwan ya ƙarfafa hasken yadda ake so. Ya haɗa jel da fim a ɗakin duhu, ya rufe akwatin ƙarfe, ya sa a firiza. Farfesa, da ta ji labarin bokiti, ta kulle firizar ta jefa makullin a jakarta. A kwanakin nan Leƙau kan gaida firizar kafin ya gaida mutane. Ana cikin haka wani daga ofishin ma'aikata ya hauro ya ce an share masa kujera a sito, ya sauka ya duba ko ta yi masa. Ya ce yana zuwa, bai je ba.

Ranar wanke fim, ya bar akwatin ya saki sanyinsa, ya shiga ɗakin duhu ya ja ƙofa. Jar fitila ce kaɗai a ciki. Ya tsoma fim a ruwan farko yana karkaɗa tiren a hankali. Ba komai. Fim ɗin fes, ba ko ɗigo. Gabansa ya faɗi. Ya ci gaba da karkaɗawa don ba shi da abin yi sai hakan. Sai wata inuwa ta ɓullo a sama, siririya. Wata ta biyo ta a ƙasa. Sannan suka fara fitowa jere, layi bayan layi, baƙi wuluk a kan fili mai tsabta, har da wani ɗan ƙarami can ƙasa da a da sai an ƙura ido ake ganinsa.

Da ƙyar ya daure ya gama wankin. Ya fito da fim yana ɗigar ruwa, ya yi ofishin Farfesa da gudu, ya shiga ba sallama.

“Ranki ya daɗe! Duba! Duba na ƙasan nan! Kin ga ɗan autan? Ya fito!”

Farfesa ta karɓa, ta ɗaga a gaban taga. Ta daɗe. Ta juya shi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Leƙau yana ta sauya ƙafa a bayanta, yana leƙowa ta saman kafaɗarta.

“Malam Leƙau, numfashinka yana dama mini lissafi.”

Ya ja da baya taku guda, ya dawo.

Ta sauke fim ɗin, ta sa shi a cikin ambulan, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya. “Ka kira masu kwashe sharar sinadarai su zo su ɗauke tsohuwar kwalbar nan. Kai kada ka taɓa ta. Sannan ka haɗa sabon ruwan da yawa, aiki ya taru mana.” Ta nufi ofishin ma'aikata, takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan bene.

Inna ta zaci za ta ji tsalle. Da shirun ya yi yawa ta ajiye burushi ta leƙo. Ta same shi zaune a kan doguwar kujerarsa a gaban tebur, bakinsa har kunne, hawaye na bin gemunsa.

“Lafiya, ɗan nan? Ba ta karɓa ba ne?”

“Ta karɓa, Inna.” Ya share fuska da hannun riga. “Inna, gobe zan zo aiki.”

“Da ma ina za ka?”

“A'a, Inna. Nan. Nan zan zo.”